Jinin Aro

"...lafiya lau na tashi, sai dai ganin fuskarki da sassafe, wanda ba ya cikin magungunan da likita ya rubuta mini."

"Ni ma ba kyawunka ya kawo ni ba, Tsoho, aiko ni aka yi. Ina gajiya?"

"Babu, sai wadda ta shigo yanzu da jaka a kafaɗa. Ya wancan yaron da kika guje ni kika aura?"

"Yana gaishe ka. Ya ce in duba masa ko har yanzu kana motsi."

"Ki ce masa ina nan daram, kuma ban sake ki ba. Ajiya na ba shi."

Haka suke tun tana rarrafe. Tsohon nan Baba ne, mahaifina, kafinta, shekararsa saba'in da huɗu. Mai bakin kuma babbar 'yata ce, tana sayar da magani a kemis, shi ya sa yake ce mata Likitar Kanti. Ni na kira ta ranar Asabar ɗin nan, kuma ba don wasa ba. Ina tsaye a ƙofar kicin da butar shayi a hannu, na ƙi kai masa, don gwajin da za a yi ba a yin sa sai kafin a ci komai.

Wata biyu ke nan da aka gano Baba yana da ciwon suga. Likita ya ba shi ƙwayoyi, ya haɗa mu da wani ɗan inji da bai kai tafin hannu ba. Kullum da safe mutum zai huda yatsa da wani abu mai kama da biro, ya ɗiga jini a kan 'yar takardar gwaji, inji ya nuna lamba, a rubuta a littafi. Baba ya ce shi ba ya son a tsaya masa a ka, a shagonsa na ƙofar gida zai riƙa yi, ya turo ƙofa. Muka ce to. Watan farko lambobin gwanin sha'awa. Daga nan suka fara hawa, ɗari biyu, ɗari biyu da arba'in, har ɗari biyu da tamanin. Likita ya duba littafin ya girgiza kai, ya ce mu dawo Litinin, in ba su sauka ba zai ɗora shi a kan allura kullum.

Ni kuwa babu abin da ban cire masa ba. Suga, lemon kwalba, farin burodi, har ayabar da yake so. Na auna, na rage, na canja, lamba sai gaba take yi. Na zargi hannuna har na yi kuka a kicin. Daga baya zuciyata ta ce, anya tsohon nan ba ya cin wani abu a ɓoye a shago? To amma wa zai tambaye shi? Ni 'yarsa ce. Kallo ɗaya zai yi mini ta saman tabarau in koma 'yar shekara bakwai. Jika ce kaɗai take shiga aljihunsa ta fito lafiya. Da takardun gwajin suka ƙare ranar Juma'a, sai na ce 'yar tawa ta sayo ta kawo da kanta.

Ta zazzage leda a kan teburin falo. Kwalin takardun gwaji, kwalin 'yan allurai, da ƙullin auduga.

"Duk wannan na mutum ɗaya?" in ji Baba. "Jinin nawa kike so ki ƙarar ki gaje ni?"

"In gaji me? Tsohon zarto da rediyon da ba ya kama tasha?"

"Rediyon nan ya girmi ubanki, kuma ya fi shi magana mai ma'ana." Ya sa bayan cokali ya ture kwalin alluran can ƙarshen tebur, bai taɓa shi da hannu ba. "To na gani, an gode. Kama gabanki, masu ciwon kai suna can suna jiran ki ƙarasa su."

"Yau ba ni da aiki sai kai. Tashi tsaye, bincike zan yi."

"Binciken me? Ni ɓarawo ne?"

"Ɓarawon alewa. An hana ka zaƙi, lambarka kuma kullum sama take yi. Ɗaga hannu."

Ya ɗaga yana ƙunƙuni. Ta juye aljihunan rigarsa a kan tebur: ƙusoshi uku, guntun fensir, tef ɗin awo, carbi, da wani maɓalli da ba na rigar kowa ba. Ko takardar alewa babu.

"Kin gani? Sai ki mayar mini da mutuncina inda kika ɗauke shi."

"Ban ga mutunci a aljihun ba, ƙusa na gani. To zauna a yi gwajin."

"A shago nake yi."

"Yau a falo za a yi, a gaban matarka."

"Namiji ba ya zubar da jini a gaban iyali."

"Ɗigo ɗaya ne, Tsoho, ba yanka ba. Ko tsoro kake ji?"

"Tsoro? Ni? Yarinya, kin san da wa kike magana? Ni ne ƙusa ta shiga tafin ƙafata ta ɓullo ta sama, na zare ta da filaya, na miƙar da ita, na buga ta a kujerar da nake haɗawa. Kujerar tana nan har yau ana zama a kai."

"Bara inci biyu ce ƙusar nan. Bana nawa ta kai?"

"Shida."

"Allah ya raya ta. Baɗi sai ta zama rodi."

"Dubi nan, marar kunya." Ya miƙa mata ƙaramin yatsansa na hagu, wanda zarto ya ɗauke wa kai tun kafin a haife ni. "Ranar da wannan ya tafi, ɗaure shi na yi da tsumma, na ƙarasa ƙofar mutane, sannan na zauna na ci abinci."

"Mu gani, jarumi."

Ta kama hannun tana dariya. Sai na ga dariyar ta tsaya. Ta juya tafin, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ja shi kusa da taga inda haske ya fi. Hannun Baba hannun aiki ne, duk kanta da tsofaffin tabbai. Ta saki na hagu ta kama na dama, ta yi masa irin wannan binciken.

"Tsoho."

"Na'am, mai hannun sanyi."

"Wata biyu kana huda yatsa kullum. Ina wurin?"

"Wane wuri?"

"Masu sayen takardun nan a wurinmu, yatsunsu duk 'yan ɗige-ɗige ne. Naka ko ɗaya babu."

"Fatata ce mai saurin warkewa. Gado ne."

"Tabon shekara talatin yana nan, hudar jiya ta ɓace? Da me kake gwajin, da yatsan ƙafa? Cire takalmin."

"Ke, ki kiyaye ni."

"Ba zan kiyaye ka ba. Takardu suna ƙarewa, inji yana nuna lamba, ke nan jini yana hawa kansu. Jinin wa?"

Baba ya ɗauki guntun fensirin ya saƙale a kunne, ya cire, ya sake saƙalewa. Ya rage murya.

"Uwarki tana ji?"

"Tana ƙofar kicin, kuma kunnenta ya fi nawa."

"To... na Mai Faci ne."

Mai Faci maƙwabcinmu ne, rumfar facin tayarsa tana jikin shagon Baba. Abokai ne tun ban yi wayo ba. Butar shayin nan Allah ne kawai ya sa ban sake ta ba. Raina ya ɓaci, irin ɓacin da ke sa kunne ya yi ɗumi. Sati uku ina tuhumar tukunyata, ashe jinin maƙwabci nake yi wa girki! Da ƙanena ne ya yi wannan, da ya ji babu daɗi. Amma uba ne, sai na haɗiye na tsaya inda nake.

Yarinyar kuwa zubewa ta yi a kujera tana dariya har da riƙe ciki.

"Wayyo Allah cikina! Tsoho, an taɓa aron jini a kai wa likita?"

"Me ye a ciki? Shekara arba'in muna aron kayan juna. Ya ari gudumata, in ari famfonsa. Sa'annin juna ne mu, shayi ɗaya muke sha, rana ɗaya take dukanmu. Jini ai jini ne."

"Shi kuma ya yarda?"

"Har da murna. Shi da wayar taya ke sukar sa sau goma a wuni? Shi yake saka allurar, ya huda kansa, ni ina kallon bango. Na ce masa likita lamba kawai yake so a cika masa littafi."

"Kai kuma ka zauna ka rubuta da kyakkyawan rubutunka."

"Har layi nake ja da rula. Kuma da farko kayan kirki yake ba ni, likita har yaba mini ya yi. Kwanan nan ne jinin nasa ya lalace. Na ce masa, kai, ka daina shan zaƙi kafin ka zo kana ɓata mini suna a asibiti, ya rantse ko ruwan shayi bai kurɓa ba. Yanzu ga shi zai ja mini allura. Ke da kike da ƙuruciya, ki ba ni naki na kwana biyu mana, mu samu mu wuce Litinin."

Ta jawo littafin gabanta, ta bi lambobin da yatsa daga sama har ƙasa. Fuskar da ta ɗago da ita ba ta wasa ba ce.

"Kaka."

Ba ta ce masa Kaka sai magana ta yi nauyi. Shi ma ya sani, don gyara zama ya yi.

"Baba Mai Faci yana yawan shan ruwa kwanan nan?"

"Jarka guda yake ajiyewa a gefensa. Zafi ne."

"Yana yawan zagayawa?"

"Har tsiya nake masa. Sai ya bar taya a buɗe ya ruga."

"Ya rame?"

"Rama dai..." Ya tsaya. "Sau biyu ina ƙara masa huda a bel ɗinsa. Ni na huda masa da ƙusa."

"Ni ba likita ba ce, kai ma kullum kana faɗa. Amma inji bai san sunan kowa ba, Kaka. Wanda ya ba shi jini, labarinsa yake bayarwa. Lambobin nan ba sunanka suke ɓatawa ba. Abokinka ne ba shi da lafiya, kuma bai sani ba."

Wallahi tunanin bai taɓa zo wa Baba ba. Shi a wurinsa kamar ya ari zarto ne ya tarar ya dakushe, haushin mai zarton kawai yake ji. Ni ma da nake cika ina batsewa, sai fushin ya sauka, tsoro ya maye wurin. Shekaranjiya na ga mutumin nan ya jingina da bango yana haki bayan ya ɗaga taya ɗaya tak, na ce tsufa ne na wuce.

"Inna lillahi," in ji Baba a hankali. "Sati uku abin yana nunawa a gabana, ni kuma faɗa nake masa."

"Ka ga abin da zai faru in ka kai littafin nan Litinin a matsayin naka. Kai za a yi wa allurar da wataƙila ba ka buƙata, ta kayar da kai. Shi kuma da yake buƙatar magani ya ci gaba da narkewa a gindin taya."

"To a gaya wa likita gaskiya."

"Za a gaya masa. Abin da zai fara tambaya shi ne, to naka jinin fa? Wata biyu kana haɗiyar ƙwaya, ba wanda ya san abin da take yi a jikinka. Kuma da wane baki za ka ce wa abokinka ya tashi ya je asibiti, kai da ka kasa ba da ɗigo ɗaya?"

Baba ya dubi abin hudar da ke kan tebur. Goshinsa ya fara tsattsafo da gumi, alhali fanka tana juyawa.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Ki yi dariyarki, amma ba zan iya ba."

"Ka ga na yi?"

"Zarto bai taɓa yi mini sallama ba. Ƙusa ma haka. Sai dai in ga jini in ce af, an yi. Wannan kuwa sai ka zauna, ka san tana zuwa, ka miƙa hannu da kanka. Ina shekara shida mahaifina ya ce in shirya mu je a sayo mini takalmi. Na yi wanka, na sa rigata mai kyau. Sai ga mu a wani ɗaki mai warin magani. Mutum uku suka danne ni a kan benci, shi yana riƙe da ƙafafuna yana cewa ba zafi, ba zafi. Zafin allurar na manta shi. Muryarsa ce ban manta ba. Tun daga ranar, in na ga tsinin nan sai gwiwoyina su mutu."

Shekarata hamsin a duniya, ban taɓa jin labarin nan ba sai ranar.

"Da aka ba ku injin fa? Ai nas ta gwada maka yadda ake yi."

"Ta gwada. A tsakiyar wannan yatsan, inda kanta ta fi kauri. Ta danna, ba jini. Ta sake, ba jini. A na huɗu farkawa na yi na gan ni a ƙasa, yarinya sa'arki tana yi mini fifita da kwali. Uwarki ta tafi karɓo magani, ba ta gani ba. Na roƙi nas ɗin ta rufa mini asiri."

"Me ya sa ba ka gaya wa Mama ba?"

"Uwarki tun tana ƙarama take ganin babu abin da ke ba ni tsoro. Ranar da mahaifiyarta ta rasu, fuskata ta duba kafin ta san ko za ta iya tsayuwa. Yanzu in ce mata ga abin da ya fi ƙarfina, abin da yara ke yi suna wasa? Ke dai ba komai, dama ba ki taɓa ganina da daraja ba."

"Gaskiya ne. An sayo maka takalmin kuwa?"

"Ina fa."

"To ni ba zan ce maka ba zafi ba. Akwai. Amma bai kai sartse ba, kai kuma wace rana ce katako bai yi maka sartse ba? Kuma babu mai danne ka. In ka ce a bari, an bari."

Ya share goshi da hannun riga.

"Miƙo mini abin. Ban taɓa aiki da kayan da ban buɗe cikinsa ba."

Ta kwance masa kan, ta nuna masa 'yar allurar. Ya gyara tabarau, ya jawo tef ɗin awo ya kara a gefenta.

"Wannan ce? Ko kan ƙusar rataye hoto ya fi ta."

"Ita ce ta kayar da mai ƙusa inci shida."

"Lambobin nan na gefe fa?"

"Zurfin da za ta shiga ne. Kai kake zaɓa."

"Ashe tana da saiti. Shi ne ba wanda ya gaya mini?" Ya mayar da kan, ya ɗana, ya danna a iska. Ƙas! Ya zabura. Ya sake ɗanawa. Ƙas! Sau bakwai ya yi haka, har kafaɗarsa ta daina tsalle. "Sifirin ne kawai a ciki, 'yar naɗaɗɗiyar waya. Aikin ma na ha'inci, duk roba."

Ta leƙo ta ce in kawo ruwan ɗumi a roba da sabulu. Na kai na ajiye, ban dubi fuskarsa ba, shi ma bai dubi tawa ba. Ta sa ya wanke hannu, ya bar shi a ruwan har yatsun suka yi laushi, ya goge. Ta ce ya sauko ƙasa ya jingina da bango, ko jiri ya zo babu inda zai faɗa. Ta saka sabuwar allura. Sannan ta bi hannun tana lalube har ta samu gefen yatsan da ake sa zobe, wurin da ƙotar guduma ba ta taɓa ci ba.

"Nan. A gefe, ba a tsakiya ba. Ni zan danna ko kai?"

"Ni. Kuma kada ki ƙirga mini ɗaya, biyu, uku."

Ya kafa abin a gefen yatsan, babban yatsansa a kan maɓallin. Muka jira. Mota ta wuce a titi, wata ta sake wucewa. Leɓensa ya bushe, numfashinsa ya koma sama-sama. Ya sauke hannun.

"Ya ƙi."

"Ba komai. Huta tukuna."

"Ba hutu nake so ba. Shirun nan ne yake kashe ni. Kin yi tsit kin zuba mini ido kamar yau zan tafi. Zage ni."

"Me?"

"Ki zage ni na ce! Kullum bakinki ba ya rufuwa, sai yau da ake buƙatarsa zai mutu?"

Na ga idonta ya kawo ruwa. Ta share da gefen mayafi, ta gyara murya. Shi kuma ya mayar da abin kan yatsa.

"To ai ni dama ban san abin da na gani a jikinka ba. Miji ba haƙori, ba gashi, yanzu kuma ashe jinin ma na maƙwabta ne."

"Haƙorana goma sha ɗaya, kuma duk nawa ne."

"Tara. Na ƙirga kana gyangyaɗi da baki buɗe."

"Ƙarya kike!"

"Kuma teburin nan da ka yi mana da muka tare, rawa yake yi. Sai da muka cusa masa kwali a ƙafa."

"Wane? Teburina? Daɓen ɗakinku ne a karkace!"

"Mai gidana ya ce zai kira wani kafinta ya gyara. Matashi ne, da inji yake yanka, ya ce aikin tsofaffi duk haka yake."

"Ya taɓa mini tebur ya gani! Shekara hamsin ban taɓa haɗa abin da ya yi rawa ba, shi wancan mijin naki da ko ƙusa bai iya riƙe..."

Ƙas!

Baba ya dubi hannunsa. Wani ɗan jan ɗigo ya taso a gefen yatsan, bai kai kan ashana ba.

"An yi?" ya ce.

"Kai ka yi."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Kawo nan kada ka shafe mana, da ƙyar muka samu."

Ta kara takardar, jinin ya hau. Inji ya fara ƙirgensa. Ni dai ban san lokacin da na baro ƙofar kicin na tsaya a kansu ba. Lamba ta fito, casa'in da takwas.

"Mai kyau ce?" Baba ya tambaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Mai kyau ce. Ƙwaya tana aiki, girkin Mama yana aiki. Da an ɗora maka allura a kan wannan, da sai dai a kwashe ka. Amma ɗaya ba ta isa ba. Gobe za ka sake, jibi ma kafin ku tafi."

"Za ki zo?"

"Zan kira ka a waya in zage ka."

Sai ya fashe da dariya, yana jingine da bango, auduga a yatsa, gumi har wuya. Dariya ce sosai, rabona da jin irinta tun kafin ciwon nan ya shigo gidan.

"Na sallama, ja'ira. Kin kayar da ni a cikin gidana. Je ki shago, bayan ƙofa akwai wata 'yar kujera da na hana kowa, ɗauki ki tafi da ita. Teburin kuma..."

"Ba ya rawa. Ko kaɗan."

"Ai na sani." Ya yi ajiyar zuciya. Bai dube ni ba, ita ya duba. "Ki gaya wa uwarki hannunta ba shi da laifi. Ni ne."

Taku biyu ne tsakanina da shi. Na ce, "Shayin ya huce, Baba, bari in ɗumama," na juya da sauri don kada ya ga fuskata.

"Shi kuma Baba Mai Faci kada a bar shi sai Litinin," na ji tana ce masa. "Yau ya kamata a gan shi."

Ban kai ga kunna wuta ba aka yi sallama. Mai Faci ne, ya gaji da jira a shago ya biyo sawu. Yanzu da na sani, sai na ga abin da na kasa gani kullum. Rigar aikinsa ta yi masa yawa, wuyansa ya fito, wandon ya tattare a ƙarƙashin bel.

"Kafinta, shiru na ji, na ce ko injin ne ya lalace. An kawo takardun?" Tun daga bakin ƙofa ya fara goge yatsa a jikin riga, ya miƙo shi.

Baba ya ɗaga nasa mai auduga.

"A'a! Kai da kanka? Ikon Allah! Wa ya riƙe ka?"

"Ba wanda ya riƙe ni. Mayar da hannunka aljihu, ka zo ka zauna kusa da ni." Ya jawo littafin ya ɗora masa a cinya. "Zan yi maka bayani, in ka gama jin haushina sai ka yafe mini. Amma ka fara zuwa ka rufe rumfa, asibiti za mu."

Mai Faci ya duƙa ya zauna a ƙasa, yana murmushi, bai gane ba.

"Ba Litinin ce ranarka ba? To ba komai, taya ba ta gudu. Sai in raka ka."

Baba ya dafa gwiwarsa.

"A'a," ya ce. "Ni zan raka ka."